Yagon da Obura Ya Ƙi Binnewa

Tafkin nan namu ba ya riƙe abin da ya haɗiye. Ni za ku tambaya, don ya haɗiye ni ya tofar har ya gaji da ɗanɗanona. Dorina ta taɓa raba jirgina biyu ina ciki, na fito gaɓa da filafilina a hannu, ko hulata ban yar ba. Sa'o'ina duk sun kwanta dama, ni ina nan ina tsotsar kan kifi. Saboda haka in na ce muku tafki yana mayar da gawa, ba a aji na ji ba, don ban taɓa zama a cikinsa ba. 'Yan kwanaki ne kawai, ruwa ya ɗago mutum, iska ta turo shi cikin kainuwa, danginsa su ɗauki abinsu. Haka yake yi wa kowa. Odundo ɗan Obura ne kaɗai ya ƙi mayarwa.

Odundo ya fita su ne tare da abokan jirginsa, iska ta ritsa da su can wajen tsibirai, jirgin ya kife. Biyu aka tsamo da rai, suna rungume da jarkar mai. Ɗaya ruwa ya kawo shi daga baya. Odundo kuwa, ko takalminsa.

Dangi suka yi abin da aka saba. Aka kafa rumfa a gaɓa, aka hura wuta, mata suna kuka, samari suna zagawa da jirage suna zungurar ciyawa da gora. Da farko rumfar ba ta ɗaukar mutane. Sannu a hankali wannan ya tuna shanunsa, waccan ta tuna kasuwarta, samari suka ce man inji ya ƙare. Wata ya mutu, wani ya tsaya. Ranar da masu rumfar suka zo suka kwance ledarsu, mutum ɗaya suka tarar a ƙarƙashinta, shi ne Obura, uban yaron. Ya matsa gefe suka kwance, ya koma kan dutse ya zauna.

Obura dogon tsoho ne da gwiwoyi suka raba shi da jirgi. A zamaninsa ya iya ruwa, ko da yake bai kai ni ba, shi ma ya sani. 'Ya'yansa maza ciwo ya ɗebe su ɗaya bayan ɗaya, matan suka yi aure nesa, saura Odundo. Matarsa Filista ma ta riga shi tafiya. Ita ce mai addu'ar gidan. Ita ta yi ta binsa shekara da shekaru har ya yarda aka yi masa baftisma da furfura a ka. Bayan nan ma, in ta durƙusa gefen gado tana motsa leɓe, shi iyakarsa ya cire hula ya jira ta gama ya ce amin. Yana ganin addu'a kamar girki ce: mutum ɗaya ya iya a gida, kowa ya ƙoshi.

Yanzu mai girkin ta tafi, ga shi da yunwa.

Ya gwada irin tata. Ya durƙusa a yashi ya rufe ido ya motsa leɓe, sai ya ji kamar yana raɗa wa kansa gulma. Magana ɗaya ya iya da wanda ba ya gani, ita ce kiran masunta, wanda ake haɗa tafin hannu a baki a ja murya ta bi kan ruwa har ta iske jirgin da hazo ya rufe. Sai ya miƙe tsaye, ya shiga ruwa zuwa ƙauri, ya haɗa hannu a baki.

"Ubangiji! Obura ne, mijin Filista! Ina ɗana?"

Matan da ke shanya ƙananan kifi a yashi suka ɗago kai. Tsuntsaye suka tashi. Ya tsaya yana saurare kamar yadda ake yi bayan kira, ya ba da lokaci muryar ta je ta dawo. Ba abin da ya dawo sai ƙarar ruwa a jikin jirage. Ya sake.

Daga ranar ya mai da shi aiki. In hantsi ya ɗaga ya ɗauki sanda ya gangara gaɓa, ya kira har murya ta dushe, ya zauna ya jiƙa maƙogwaro, ya tashi ya sake. Ba ya ƙawata magana. Ya faɗa wa Allah yaron yana da tabo a gira, don kada a rikita shi da wani. Ya faɗa masa yana da mata da 'ya'ya uku, ƙaramin bai daɗe da yaye ba. Ya tuna masa cewa ya ɗauki sauran mazan, shi Obura bai ce uffan ba. Wani lokaci ya roƙa, wani lokaci ya yi faɗa, wani lokaci sunan Yesu kawai yake ja har numfashi ya ƙare.

Masu jirage suka fara da tausayi, suka koma ba'a.

"Tsoho, yau ya ɗauka kuwa, ko layin a cike yake?"

"Ka ƙara murya, Baba, wataƙila ya juya baya."

"Ku bar shi, shi ke koro mana kifi cikin taru."

Obura sai ya ci gaba da kiransa. Wata rana dai ya ce wa mai bakin cikinsu, "Ranar da aka haife ka, ubanka yana jirgina yana amai. Je ka gyara tarunka."

Fasto ya zo, saurayi mai kirki da takalmi mai tsabta, ya tsaya inda ruwa ba zai taɓa shi ba.

"Baba Obura, Allah ba kurma ba ne. Yana jin wanda ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa."

"Na sani, ɗana. Ni ne ban iya a hankali ba."

"Mutane suna magana."

"Ba da su nake ba." Obura ya share baki. "Filista ta taɓa ba ni wani labari da Yesu ya bayar. Wata gwauruwa da wani alƙali marar tsoron Allah. Kullum tana ƙofarsa, har ya gaji ya yi mata shari'a don ta ƙyale shi ya huta. Haka ne, ko ta ƙara gishiri?"

"Haka ne."

"To. In mugu ya gaji da mace, ni da nake ƙofar Uba fa?"

Fasto ya ce gaskiya ne, amma fa amsar Allah ba kullum take zuwa da irin rigar da mutum ya ɗinka mata ba. Obura ya ce ta zo ko tsirara ce, shi dai ya ga ta zo. Fasto ya ɗora masa hannu ya yi gajeriyar addu'a, ya duba hadari, ya tafi.

Hadarin nan shi ya kawo maganar. Ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta yi laushi, gonaki suka cika da mutane ko'ina ban da gidan Obura. A wurinmu ba a kai fartanya gona alhali akwai mamacin da ba a kwantar ba. Kuma matar ɗa ba ta jefa iri kafin maigida ya jefa nasa. Wanda ya tsallake wannan, chira ce ke kama shi, ramar nan da ke cin mutum yana ci yana sha har ya zama ƙashi, in ta gama da shi ta bi 'ya'ya. Saboda haka gonar Obura tana kwance, ta Odundo ma tana kwance, ciyawa tana murna.

Da maraice Obura ya dawo daga gaɓa ya tarar da wansa Oyier zaune a kujerarsa a tsakar gida. Oyier ya fi shi tsufa amma ya fi shi ƙwari, kuma shi ne babban dangi. A gabansa an ajiye wani abu a nannaɗe da tsumma. Obura bai buƙaci a buɗe ba. Ya ga tsawonsa da nauyinsa, ya san yago ne, ɗan itacen nan mai kama da taɓarya da ke lilo a reshe. Shi ake sa wa a kabari a madadin wanda ruwa ya hana gawarsa.

"Da kaina na hau na yanko," in ji Oyier. "Da waɗannan gwiwoyin. Ka ga ba raina ɗanka na yi ba."

"Sannu da aiki, Yaya. Mai da shi inda ka samo."

"Zauna, ƙanena."

Obura ya zauna a kan turmi, Oyier ya ci gaba.

"Ni ma na yi kukan Odundo. A cinyata ya yi fitsarinsa na fari. Amma kai masunci ne. Wa ka taɓa gani ya yi wata biyu a ruwa ya fito yana tambayar tuwo?"

"Wa ka taɓa gani ya yi wata biyu a ruwa bai taso ba?"

"Kada fa? Tsohon taru a ƙasan ruwa fa?"

"Masu sintirin ƙetare fa? Suna tsamo mutum su kulle shi, sai bayan shekara a ji labarinsa."

"An je an tambaya."

"An tambayi ƙofa ɗaya."

Oyier ya buga sanda a ƙasa. "Kai za ka fara sara kabarin, doka ce, ba wanda zai yi maka. Sara ɗaya kawai, samari su ƙarasa. Mu kwantar da wannan, a yi kuka, a yi aski, ka jefa irinka, yarinyar nan ta jefa nata. Ko coci ba ta hana ba, faston naku ma zai zo ya yi waƙa."

"In na binne shi, na gaya wa Allah na gama magana ke nan."

"Da ma ai shi bai fara ba."

"Kuma in yaron ya dawo? Ya tarar da kabarinsa a bayan ɗakin uwarsa? Kai za ka fara gudu. Ba mai ba shi ruwa a ƙoƙo."

"In ya dawo na ci hulata. Obura, ka zama abin nuni. Jiya a kasuwa wani yaro yana kwaikwayonka, har da ɗingishin. Ka tsufa kana yi wa sama ihu kamar wanda akuyarsa ta ɓata."

"Da akuya ce da na haƙura."

Oyier ya tashi. Bai ɗauki yagon ba. Ya tura shi da ƙafa ƙarƙashin rumbu, ya ce zai jira, ba ya saurin ruɓewa, amma ruwan sama ba ya jiran kowa.

Akumu matar Odundo ba ta taɓa tsayawa gaban surukinta ta yi doguwar magana ba. Tun da aka kawo ta daga Alego, tsakaninsu sai gaisuwa daga nesa da kwanon tuwo da take aiko wa. Ba ta shiga ɗakinsa, ba ya shiga nata. Washegari da zai fita, sai ya gan ta tsaye kusa da rumbu, ta ba shi gefe, tana kallon katanga.

"Baba."

"Na'am, 'yar Alego."

"Masarar da ke ciki ba za ta kai mu sabuwa ba. Na auna da ido."

"Na sani."

"Maƙwabta tasu ta fara kunne."

Ya gyara riƙon sandarsa.

"Ba cewa na yi ya mutu ba," in ji ta. "Ni ma ina jin motsi a ƙofa in ce shi ne. Amma yaran nan ba sa cin jira. In ka ƙi, ni ba matar aure ba, ni ba gwauruwa ba, ni ba manomiya ba. Gidanmu sun aiko in koma. In na koma, da yaran zan tafi."

"Ki ba ni kwanaki."

"Ba ni ke da su ba, Baba."

Ta shige. Obura ya daɗe a tsaye. Gidan da a da ba a jin maganar juna don hayaniya, yanzu kaza ɗaya ce ke tono a ƙofar ɗakin Filista. Ya duba ƙarƙashin rumbu, ya kau da kai.

Ranar a gaɓa addu'arsa ta sauya. Bai ce a kawo shi da rai ba.

"Ubangiji! Ko yaya yake, ba ni! In ka riƙe ransa, ba ni ƙashinsa! In kifi ya ci, ba ni rigarsa! Kana gani za a kwashe mini jikoki! Ka ce wani abu mana!"

Ya kira har masu shanya suka tattara kayansu. Ya kira washegari, da wanshekaren washegari, ruwan sama yana dukansa, muryarsa ta koma kamar ana jan ƙarfe a dutse. Masu ba'a ma suka daina, don abin ya wuce dariya. Ba mai zama kusa da shi. In ya zo sai mutane su matsa, kamar baƙin cikin nasa ana ɗauka.

Ana nan sai ga mai babur daga Liunda da labari: ruwa ya kawo gawar namiji can gaɓarsu, ba wanda ya san shi, ya daɗe a ruwa. Obura ya miƙe daga kan dutsensa. Ya ce a ransa, to, ga amsar ta zo, ba da rigar da na ɗinka ba. Oyier ya zo da kansa, har ya riƙe masa hannu ya hau babur, suka tafi su biyu a bayan mutum ɗaya.

An ja gawar ƙarƙashin wata bishiya an rufe da tsohon ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi. Mutanen Liunda suna tsaye nesa, sun toshe hanci. Obura ya durƙusa ya ɗaga. Babu fuska, ruwa da kifi sun gama da ita, balle a nemi tabon gira. Tsawon ya yi daidai. Faɗin kafaɗa ya yi daidai. Zuciyarsa tana cewa shi ne, shi ne, ka huta. Sai ya kama ƙafar hagu ya juya. Odundo tun yana yaro gatari ya cire masa ƙaramin yatsa. Wannan yatsunsa biyar cif.

Ya daɗe riƙe da ƙafar.

Oyier ya sunkuyo, shi ma ya gani. Ya rage murya. "Ba wanda ya ƙirga sai ni da kai."

"Ba shi ba ne, Yaya."

"Wa ya ce? Ruwa yana sauya mutum. Ka yi ta ihu a ba ka gawa, ga gawa. Ka ƙi itace, ga mutum da ƙashi da nama. Mu ɗauka mu kwantar, yarinya ta yi shuka, wannan bawan Allah ma ya sami masu kuka. Wa aka cuta?"

Obura ya rufe ido. Ku sani maganar ta shige shi, don ba maganar banza ba ce. Ya ga gonar an shuke, ya ga jikokinsa suna nan, ya ga kansa kwance a ɗaki ba sauran gangara gaɓa. Har ya buɗe baki. Sai ya tuna gobe. In ya ce wannan Odundo ne, da wane baki zai sake kira? Wanda yake kira ya san yatsun kowa.

"Wani tsoho yana can wata gaɓa yana jiran wannan," ya ce.

"Ba za ka taɓa saninsa ba."

"Allah ya san shi." Ya saki ƙafar, ya ja ƙyallen ya rufe. Ya ɗaga murya mutanen Liunda su ji. "Ba nawa ba ne."

Oyier ya miƙe ya tofar da yawu. "Kai dai ba ɗa kake nema ba. Gardama kake nema da Allah, kuma ka samu abokin yi."

Ya hau babur ya tafi, ya bar shi.

Hukuma ta riga ta ba da izinin binne gawar, mutanen Liunda kuwa sun gaji da wari. Suka haƙa rami nan bakin ruwa, inda ake kwantar da wanda tafki ya kashe. Ba dangi, ba mai kuka, ba fasto. Da za su tura ƙasa sai Obura ya ce su dakata. Ya cire hula, ya haɗa hannu a baki, ya fuskanci ruwa.

"Ubangiji! Obura ne kuma! Ga wani nan, ban san sunansa ba, kai ka sani! Ka karɓe shi saboda Yesu! Ka aika wa ubansa labari, kada ka bar shi kamar yadda ka bar ni!"

Wani daga masu haƙa ya ce amin, yana jin kunya. Suka rufe ramin.

A ƙafa ya komo, tafiyar da ta ci masa yini. Ba wanda ya tsaya ya ɗauke shi. Hagu da dama masara ta kai tafin hannu, mata suna cire ciyawa suna hira, ba wadda ta san shi. Yana tafe yana magana, wannan karon ba da ihu ba, don muryar ta ƙare sarai. Ya ce, ka ga na mayar maka da abin da ba nawa ba. Ya ce, ban san me kake yi ba, kuma ba ka gaya mini ba. Ya ce, itace ba zan binne ba, ɗan wani ba zan sata ba, yaran nan kuma ba za su kwana da yunwa ba, to ka nuna mini hanya ta huɗu. Bai ji komai ba sai tsakuwa a ƙarƙashin takalminsa. Amma da ya iso kan tudun da ake hango gida, ya ga gonarsa ta yi duhu da ciyawa a tsakiyar na mutane, sai ya tsaya. Ya gane ta huɗun tana nan tun farko, tsoro ne ya hana shi kallonta.

Da gari ya waye ya sauko da ƙwaryar iri daga rataye, ya ɗauki fartanya. Ya nufi gona yana waiwaye. Kada wani ya ce muku baftisma tana wanke tsoron chira daga cikin wanda ya ga ta ci mutane. Ni da ban san tsoro ba, ranar da na ji abin da ya yi sai da na ajiye cokali.

Akumu ta fito ta gan shi, ta janye yaranta cikin ɗaki ta rufe ƙofa.

Bai gama layin farko ba Oyier ya iso, mutane a bayansa, suka tsaya a kan iyaka, ba wanda ya taka gonar.

"Obura, ajiye fartanyar nan."

"Ina kwana, Yaya."

"Da mamaci a kanka kake saran ƙasa?"

"Ba ni da mamaci. Ina da ɗa da ban san inda yake ba."

"Za ka rame har iska ta ɗauke ka. In kai ka gaji da duniya, yaran fa?"

Obura ya dogara da ƙotar. Ya dubi ɗakin da aka rufe. Ya ɗaga kai sama, ya tattaro ɗan abin da ya rage masa na murya.

"Ubangiji, ka ji abin da yayana ya ce. Ni na sara, ni na jefa, ba su ba. In akwai abin da zai faɗo, ga ni. In kuwa jinin Ɗanka ya isa, kamar yadda Filista ta ce, to ka tsare ƙofar can."

Ya sunkuya ya jefa iri ya take da diddige.

Oyier ya aiki wani ya ciro yagon daga ƙarƙashin rumbu. Ya rungume shi kamar jariri. "Zan ajiye wa yaron, tun da ubansa ya haukace. Daga yau ba mai ɗibar wuta a gidan nan, ba mai cin tuwonsa, har sai ka zo da kanka ka karɓa." Ya juya, mutane suka bi shi.

Haka kuwa aka yi. Hanyar da ta ratsa ƙofar Obura ta mutu, mutane suka fitar da wata ta bayan shinge. A coci ma bencin da yake zama ya yi masa faɗi. Fasto ya zo sau ɗaya, ya ce abin da ya yi bangaskiya ce, amma ya ƙi shan shayi, wai ya sha a gida. Akumu tana aiko tuwo, sai dai a kan dutse ake ajiyewa, kuma ba ta barin yaran su je kusa da shi. Kullum tana leƙensa ta kafar ƙofa, tana duba wuyansa da damtsensa, ko ya fara zubewa. Da safe ya yi gona, hantsi ya gangara gaɓa, da maraice ya ci tuwonsa shi kaɗai yana kallon kaza.

Masararsa ta tsiro, ta yi kunne. Obura yana nan yadda yake, ramammen tsoho, bai ƙaru ba bai ragu ba. Ƙaramin jikan ya yi zazzaɓi, gari duka ya riƙe numfashi, Obura ya yini a tsaye cikin ruwa. Zazzaɓin ya sauka. Wasu suka ce addu'a ce, wasu suka ce maganin asibiti ne, Oyier ya ce chira ba ta gaggawa.

Sai wata safiya yana cire ciyawa ya ji sara a gonar Odundo. Akumu ce, goye da ƙaramin, ta ba shi baya tana haƙa. Lokaci ya riga ya ƙure. Duk manomi ya san abin da aka shuka yanzu rabi zai bayar, in ruwa ya yi kirki. Ita ma ta sani. Suka yi ta aiki, shinge a tsakaninsu.

Da rana ta ɗaga ya jingina fartanya ya ɗauki sandarsa.

"Baba," ta ce, ba ta juyo ba.

"Na'am, 'yar Alego."

"Na aika wa gidanmu. Na ce sai bayan girbi mu gani."

"Madalla."

"In ka je can, ka gaya wa Ubangiji babban yaron ya daina tambayar ubansa. Wannan ya fi tambayar ciwo."

"Ki zo ki gaya masa da kanki."

"Ba ni da irin muryarka. Kuma wa zai ƙarasa wannan?"

Ya tsaya kaɗan ko za ta ƙara wani abu. Ta ci gaba da sara. Ya gyara hula ya kama hanya shi kaɗai, yana maimaita saƙon a baki don kada ya manta ko kalma ɗaya.